Baƙin Allona da Amsar da Ban Bayar Ba

Ranar da gidanmu ya ɗauki murnar cewa na amince zan yi aure, ni ce ta ƙarshe da labarin ya iso wa. Na san za ku ce ƙari nake yi. Ku bari in bi da ku ta inda abin ya biyo, sannan kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni ce babba, sai ƙanwata da muke kira Auta. Ina aiki a wani kamfanin ɗab'i, ni ke kula da kwamfutocinsu. Ofishina ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, ba taga, sai farar fitila da ba a kashe ta da kuma gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Wayoyi sun nannaɗe a ƙarƙashin tebur, tsofaffin injuna an jera su a kan kanta har kusa da rufi. Wanda ya shigo sai ya ce wurin na sa masa tsigar jiki tashi. Ni kuwa nan ne kawai nake jin numfashina na sauka daidai.

Abin da ke cina a wurin aikin nan shi ne sakaci. Kwamfuta za ta yi wata tana zafi kamar a soya ƙwai a kanta, ba wanda zai ce uffan sai ranar da ta mutu da aikin mutane a ciki. In na yi magana, Oga ya kaɗa kujera ya ce, "Tunda tana tashi, ki bar ta mana." Wallahi wannan kalma ta "ki bar ta" ita ta kashe mana abubuwa da yawa, ba a ofis kaɗai ba.

Haushin haka ne ya sa na rubuta 'yar manhajata. Na sa mata suna duba. Ba ta da hoto, ba ta da kwalliya. Ka buɗe baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni da rubutu, ka rubuta duba, ka danna. Nan take za ta jero maka halin da injinka ke ciki: zafinsa, sauran wurin ajiya, nauyin da ke kan ƙwaƙwalwarsa, tun yaushe yake kunne. Na ɗora ta kyauta a shafin da masu irin aikinmu ke ajiye manhajojinsu, na buɗe wurin ƙorafi, na rubuta da manyan baƙi cewa duk wanda ya ga kuskure ya faɗa, zan gyara.

Kuma na gyara. Wani malamin makaranta ya ce tana ƙirga ƙwaƙwalwar tsofaffin kwamfutoci ba daidai ba, na bincika, gaskiyarsa ce. Wata mai shagon buga takardu ta ce, "'Yar uwa, ba kowa ke jin Turanci ba," na mayar da duk bayanan Hausa. Wani dattijo ya ce shuɗin rubutu a kan baƙin allo azaba ne ga mai raunin ido, na canza launin a ranar. Duk gyaran da na yi sai in ji kamar na cire ƙaya daga ƙafata. Ina alfahari da cewa ni ba irin masu manhajar nan ba ce da za ka yi ta ƙorafi su yi maka kunnen uwar shegu.

Ina da wata ɗabi'a kuma. Duk sanda na fitar da sabon gyara, sai in rubuta duba a laftof ɗina, in ɗauki hoton abin da ta nuna, in liƙa a shafin a matsayin misali. Wasu ƙirƙirar misalin suke yi da bayanan ƙarya. Ni a ganina wannan lalaci ne da yaudara. Na ce abin da na gani a allona shi mutane za su gani. A ƙasan hoton kuma sai in ɗan yi hira: na gyara wannan kaina na sarawa, wannan kuwa a tsaye na rubuta shi ina jiran mota.

A cikin masu ƙorafin akwai wani da ke kiran kansa Mai Lura. Ba hoto a shafinsa, sai ɗan da'ira mai ruwan toka. Kullum da gaisuwa ɗaya yake farawa.

"Barka da aiki, Malama. Da za a ƙara layin lafiyar batir, da an taimaki masu laftof."

Na ƙara.

"Barka da aiki, Malama. A ofis mai waifai da yawa mutum kan rasa wanne ya hau. Da duba na nuna sunansa."

Gaskiya ce, na ƙara. Daga nan ya nemi ta riƙa jero sunayen wayoyi da na'urorin da ke kan waifai ɗaya da kai, wai don a gane mai cinye data. Sai kuma ya nemi ta nuna lokacin da aka buɗe murfin laftof na ƙarshe. Kowace buƙata da hujjarta, kuma hujjar mai kyau. Wani lokaci kuma sai ya faɗi abin da bai yi daidai ba, ni kuwa da ba na iya haɗiye kuskure sai in zazzage masa dogon bayani, har da faɗa, har da zolaya. Shi dai amsarsa, "Na gode, ƙara min bayani." Sai in ƙara. Ya taɓa cewa ko in riƙa karɓar ƙorafi ta kiran waya, na ce masa ni na tsani kira, wanda ke son magana da ni ya rubuto.

To, a gida kuma wata wutar ce.

Akwai ɗan aminiyar Umma, yana da shagon gwada ido da sayar da tabarau. Auta ce ta laƙaba masa Mai Tabarau, sunan ya bi shi har Abba na kusa kiransa haka. Ba ni da abin da zan ce ya yi min. Rigarsa kullum a goge, maganarsa a hankali, in ya rasa abin faɗa sai ya cire tabarau ya hau goge su da wani ɗan kyalle mai ruwan ɗorawa. Ya nemi aurena ta hanyar da ta dace. Na ce a ba ni lokaci.

"Lokacin me?" in ji Umma, tana ninke kayan wanki a kan gadona kamar da su take faɗan. "Kin yi karatu mun zuba ido. Kin kama aiki mun zuba ido. Yanzu kuma me ya rage, Injiniya? Sai kwamfutar ta zo neman aurenki?"

"Umma, ban san shi ba."

"Ta ina za ki san shi, mutum na miki magana kina kallon baƙin allo kamar mai duba?"

Auta ta fashe da dariya daga bakin ƙofa. "Ai sunan abin nata ke nan, Umma."

"Ke kuma tashi ki ba ni wuri."

Ni ba ƙin sa nake ba, ku fahimce ni. So nake amsar da zan ba shi, ko wace iri ce, ta fito daga bakina bayan na auna. Abin da na roƙa ke nan, kuma Abba ya ce an ba ni.

Da farko yakan turo saƙo safe da yamma, ni kuma in amsa da kalma biyu. Sai kawai saƙon ya ɗauke. Na ce alhamdulillahi, ya gane. Amma zuwa gidanmu bai daina ba, kuma wani sabon murmushi ya fara yi min, irin na wanda kuka ɓoye wani abu tare.

"Ranki ya daɗe, yaya kan? Ya sauka?"

"Wa ya ce maka kaina na ciwo?"

Ya dubi labulen da ke tsakanin falo da ɗakin Umma, ya rage murya. "To. Na gane. A nan haka za mu riƙa yi."

Na ɗauka irin zancen samari ne, na share. Wani zuwan kuma ya miƙo min leda. Batirin laftof ne, sabo fil, kuma daidai irin na injina, wanda na zaga shaguna na rasa.

"Ya aka yi ka san nawa ya lalace?"

Ya cire tabarau yana gogewa, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Kin iya wasa, wallahi."

Yana fita na tare Auta a kicin.

"Ke ce munafukar da ke kai masa labarina ko?"

"Ni? Yaya, na rantse da Allah ko lambarsa ba ni da ita. Kuma ni ina ruwana da batir? In zan kai labari ai na munin halinki zan kai, ya gudu mu huta."

Na yarda da ita rabi, na bar rabin. Batir dai na sa shi, don ina bukata. Washegari na fitar da wani ɗan gyara, na liƙa hoton allona kamar kullum.

Ran da abin ya faru, da hantsi ina ofis, na sa doguwar rigata baƙa da ɗan mayafi ruwan ƙasa, shayina na hucewa a gefen madannan kwamfuta. Saƙon Mai Lura ya shigo.

"Barka da aiki, Malama. Na ga batir ya dawo lafiya. Allah ya saka wa wanda ya kawo."

Na karanta, na sake karantawa. Hoton ya nuna batir sabo ne, wannan gaskiya. Amma ban rubuta ko'ina cewa kawo min aka yi ba.

Kafin in amsa wani ya biyo.

"Shawara ta ƙarshe. Da duba na nuna ko an rufe idon kyamara ko a buɗe yake."

Na ɗaga kai na kalli saman laftof ɗina. Akwai ɗan filasta da na manna a kan kyamarar tun ranar da na saye shi, gefensa har ya yi baƙi. Na'urar sanyi na ta gurnaninta, amma sai na ji kamar ɗakin ya yi tsit. A lokacin ne wani abu ya faɗo min. Malamin makaranta ya turo hoton allonsa. Mai shagon buga takardu ta turo. Dattijo ma jikarsa ta ɗaukar masa. Mai Lura kuwa, duk tsawon watannin nan, ko sau ɗaya ban ga allonsa ba.

Na rubuta, "Turo min abin da duba ke nunawa a injinka, in gwada wani abu."

Amsar ba ta ɗauki lokaci ba.

"Ba sai na turo ba. Naki ya ishe ni."

Jama'a, nan take na buɗe hotunan misalin nan na jera su a allo, daga na farko har na jiya. Ban taɓa kallonsu a jere ba. Ga sunan waifan ofis da rana, ga na gida da yamma, ga na gidan Gwaggo a ƙarshen makon da na je can. Ga lokacin da nake buɗe laftof da safe. Ga batirina yana mutuwa a hankali, da lambar irinsa a gefe. Ga wayar Umma, ga ta Auta da sunan gayunta. A wasu hotunan kuma ga wata baƙuwar waya a kan waifan gidanmu, ɗauke da sunan shagon tabarau, shagon da lambar mai shi ke rubuce a allon ƙofarsa kowa na gani. A ƙasan kowane hoto ga bakina: yau kaina, yau na makara, yau an ɓata min rai a gida.

Ba wanda ya fasa min kwamfuta. Roƙo ya yi cikin ladabi, layi bayan layi, ni kuma ina ƙarawa ina jin daɗin cewa ina sauraron mutane.

Na tashi na nufi ofishin Oga. Na same shi yana sakace haƙori.

"Oga, duba na tona bayanan mutane. Duk wanda ya liƙa hoton allonsa a wurin ƙorafi, ya nuna wa duniya inda yake da wanda ke kusa da shi. Har injunan kamfanin nan."

"An saci wani abu?"

"Ba a sata ba tukuna."

"To, ki bar ta mana. Wa zai zauna yana karanta wannan rubutun tsutsa?"

Da na tsaya da na faɗa masa maganar da za ta raba ni da aikina. Na koma ɗakina na rufe ƙofa. Ban ci abincin rana ba. Na sa duba ta riƙa rufe sunan waifai, sunan mai inji da lambobin na'ura da taurari, sai in mutum da kansa ya nemi ganinsu. Layin wayoyin da ke kusa, da layin buɗe murfi, na cire su gaba ɗaya. Na goge hotunana duka, na bi na masu ƙorafi ɗaya bayan ɗaya na ɓoye. Na rubuta sanarwa cewa kowa ya sauke sabuwar, tsohuwar na da baki. A karo na farko na haɗa misali da bayanan ƙarya, irin wanda nake zagin wasu a kai.

Malamin makaranta ya yi godiya. Mai shagon buga takardu ta ce, "Kai, ashe haka ne? Allah ya tsare." Can sai ga da'irar nan mai ruwan toka.

"Gyaran ya yi, Malama. Allah ya sanya alheri."

Na danna sunansa. Shafin ya ce babu mai wannan suna.

Da la'asar na isa gida. Tun daga ƙofa na ga takalman da ba namu ba, na ji ƙamshin turaren da Umma ba ta ƙonawa sai da dalili. Ina shiga Gwaggo, yayar Abba, ta taso da zaninta mai walƙiya ta rungume ni har jakar laftof ta matse min haƙarƙari.

"Ja'ira! Kin wahalar da mu, ashe kina ciki! Dubi idonta, wai ita kunya."

"Gwaggo, me ya faru?"

Umma na zaune a kan doguwar kujera, idonta ya yi ja, amma fuskar a sake. Rabon da in ga ta kalle ni haka har na manta.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Uwarsa ta kira ni da rana. Ta ce kin ba shi amsa. Abbanki ya riga ya sanar da 'yan uwansa, manyansu za su zo a yi magana."

"Wace amsa?"

Gwaggo ta tafa hannu. "Ji min yarinya! Wace amsa kuma?"

"Umma, wallahi ban ba kowa amsa ba. Rabona da rubuta masa saƙo an fi wata biyu."

Dariyar Gwaggo ta tsaya a rabi. Umma ta miƙe zaune.

"Ke, kalle ni nan. Wannan ba abin wasa ba ne. Magana ta fita, ta shiga kunnen maza. Kina so ki mayar da ubanki ƙaramin mutum?"

"Ban faɗa ba, Umma."

"To shi yaron ƙarya ya yi? Shi da ko ƙuda ba ya iya kora da ƙarfi?"

"A kira shi," na ce. "Yanzu. Ya zo da wayarsa."

Auta ce ta karɓo lambar a wayar Umma ta kira. Tana miƙa min ruwa ta raɗa min, "Yaya, fuskarki ta yi wani iri. Lafiya?" Na karɓi ruwan na ajiye.

Ya iso rana na shirin faɗuwa, haskenta ya ratso labulen falo ya kwanta a kan darduma. Ya sa riga ruwan toka mai dogon hannu, ya yi sabon aski, yana ta ƙamshi. Umma da Gwaggo suka shige ɗaki, amma ina ganin ƙafafunsu a ƙarƙashin labule. Na ajiye wayata a kan tebur tsakaninmu, fuskarta sama. Jakar laftof na jingine da ƙafata, injin a kashe.

"Yaushe na ce maka na amince?"

Ya yi murmushin nan nasa. "Kin ce za ki yi haka."

"Zan yi me?"

"Kin ce in aka taru za ki musa, saboda kunyar Umma. Kin ce kada in damu, in bi ki a hankali."

Na miƙa masa hannu. "Nuna min."

Ya buɗe wayar ya miƙo. A saman hirar ga sunana, ga wata lamba da ban taɓa gani ba. Na fara ja sama. Na ja, na ja, hirar ba ta ƙarewa.

Saƙon farko cewa ya yi: wannan ce lambata ta sirri, waccan ta aiki ce kuma Auta na taɓa min ita, kada ka sake rubutowa can. Kada ka kira, na tsani kira, wanda ke son magana da ni ya rubuto.

Ku ji ni da kyau, ba kwaikwayo ne irin na wasa ba. Ni ce. Yadda nake fara faɗa da "kai, tsaya," yadda nake rufe magana da "ka gane ko?", har wata kalma da kullum nake kuskuren rubutawa, mai lambar nan ma haka take rubuta ta. Ta gaya masa kanta na sarawa a ranar da kaina ya sara. Ta ce tana gidan Gwaggo a ranar da nake can. Ta yi masa ƙorafin batir, ta turo lambarsa. Ta zagi Oga da irin zagin da nake masa.

Sai dai ita tana da abin da ban ba shi ba. Tana tambayarsa ya ya wuni. Na ga inda ya rubuta mata dogon saƙo cewa idonsa na hagu ya fara dushewa, shi mai gwada idon mutane, kuma ko mahaifiyarsa bai faɗa wa ba. Ta amsa masa da wasu kalamai masu taushi, da bakina, waɗanda ni ban san ina da su ba. Na karanta sirrin mutumin nan a gabansa, na ji kamar na leƙa shi yana wanka.

A can ƙasa, jiya, lokacin da nake wanke kwanuka da Auta, ga shi a rubuce: Na auna, na amince. Ka faɗa wa su Mama.

Na ajiye wayar a kan tebur kusa da tawa. Na yi masa bayanin duba, da Mai Lura, da hotunan, da yadda wayarsa ta fito a cikinsu. Ina magana da sauri, ina haɗa kalmomi. Yana saurare, murmushin na janyewa kaɗan-kaɗan.

"Kira lambar," na ce.

"Kin hana ni kira."

"Ni nake ce maka ka kira!"

Ya danna, ya sa a bayyane. Ta shiga. Muna jin ƙararta tana ta yi, tawa kuwa na kwance a kan tebur, allonta baƙi ƙirin. Ba wanda ya ɗauka. Daga bayan labule na ji Gwaggo ta ja salati a hankali.

Ya cire tabarau. Ya laluba aljihu, bai samu kyallen ba, sai ya riƙe su haka nan a hannu. Ban taɓa ganin idonsa tsirara na tsawon lokaci ba. Na hagun kuwa da ɗan hazo a ciki.

"Wata biyu," ya ce. "Kullum. Duk abin da ban iya faɗa wa kowa ba."

"Ka yi haƙuri. Ba ni ba ce."

"Ita ta saurare ni."

Ban san me ya sa kalmar "ita" ta soke ni ba. Mutumin da na yi ta gudu, yau na ga da na zauna na ji shi, wataƙila da kaina zan ce eh. Amma an riga an faɗa a madadina. In na ce eh yanzu, tata na bi. In na ce a'a, ta riga ta gaya masa kunya ce.

Sai wayarsa ta yi haske.

Mu duka muka kalla. Hannuwana na kan cinyata, ya gan su, na tabbata ya gan su. A ƙarƙashin sunana aka nuna ana rubutu. Rubutun ya tsaya. Ya ci gaba. Sannan saƙon ya faɗo.

"Ka iso ko? Na ga wayarka ta hau waifan gida. Kai, tsaya, kada ka bari ta ruɗa ka. Tsoro ne kawai, ka gane ko?"

Na goge hotuna. Na cire layin nan da hannuna. Laftof ɗina a kashe yake, yana jingine da ƙafata. Ba wanda zai ga wayarsa a kan waifanmu a wannan minti, sai wanda shi ma yake kan waifan, da tsohuwar duba a buɗe a gabansa. Waifanmu kuwa ko bakin titi ba ya kaiwa. Na juya na kalli taga, na kalli labule, na kalli silin. Gidan da aka haife ni a ciki, ban san ta ina zan fara kallonsa ba.

Na ɗaga murya yadda na bayan labule za su ji.

"Ka saurare ni, ga ni a gabanka da jini da tsoka. Ban ce maka eh ba, ban ce maka a'a ba. Amsata na nan a bakina, kuma ba wanda zai zo gidan nan yin wata magana sai na furta ta da kaina."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya mayar da tabaransa, ya miƙa hannu ya ɗauki wayar daga kan tebur, a hankali, kamar mai ɗaukar abin da zai iya fashewa.

"Na ji taki, ranki ya daɗe," ya ce, babban yatsansa ya riga ya hau kan allo. "Bari in ji tata."